Wutar Da Za Ta Ƙone Ni

Zuwa ga ƙanena Buchayya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya aikin jirgin ƙasa? Ni dai tarin nan ya zama ɗan gida. Mai magani ya ce hayaƙi ne ya cinye mini ƙirji, na ce masa na san hayaƙin, na gidanmu ne.

Ka tuna wutar da aka kunna mana ranar aurena, kai kana can kana satar ayabar baƙi? Tun ranar ba ta taɓa mutuwa ba. Safe da yamma maigida yana zuba mata madara yana karanta littafin addininmu Veda, ni ina rufe ta da ƙaiƙayin shinkafa. Ba mu haihu ba, rainonta muka yi kamar ɗiya. Littafi kuma ya ce macen da ta riga mijinta mutuwa, da wutar aurensu ake ƙona gawarta. Wannan kaɗai ya rage mini a duniya.

To, wani sanyasi, cikin masu barin duniya ɗin nan, ya sauka gindin ɓauren bakin kogin Godavari, ya shiga kan maigida. Wai wutar gaskiya a ƙirji take, ta murhu wasan yara ce. Yanzu maigida sai ya zauna ido rufe har madara ta huce. Ya ce shi ma zai bar duniya, a yi masa sadakar mutuwa da ransa, ya shaƙi wutarmu cikinsa, a kashe ta. Na ce masa, "Ka jira in mutu mana, ai ba zan ɓata maka lokaci ba." Ya yi murmushi ya ce babu mai mutuwa. Saura kaɗan in kwaɗa masa ludayi.

Tsoro nake ji, Buchayya. Ka gaishe mini da yara.

Yayarka,
Kameswari

Ƙanena Buchayya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙonka da maganin tari, na gode. Ka ce in kai ƙara wurin Malam Avadhani, tunda duk ƙauyen nan babu wanda ya kai shi sanin littafi. Na kai. Ya kwance littattafansa na ganyen giginya, ya duba, ya ce doka ta yarda, muddin matar ta amince. Suka tambaye ni a gaban taron maza. Kuka ya hana ni magana, sai suka ce shiru amincewa ne.

An yi an gama. An aske masa kai, ya cire zaren ibadar da ke kafaɗarsa ya jefa a kogi, ya durƙusa gaban wutarmu ya ja numfashi, aka zuba mata ruwa. Ba zan ɓoye maka ba, kuma haushin faɗa nake ji: ban taɓa ganin fuskarsa da natsuwa irin ta ranar ba. Wataƙila ya ga wani abu da gaske. Amma ni ba a nuna mini ba.

Sai dai yayarka ba sakara ba ce. Kafin su taru na ɗebi garwashi a kasko na ɓoye bayan rumbun shinkafa. Daga baya na tambayi Avadhani a kaikaice, ko garwashin da aka raba da wutar yana nan a matsayinsa. Ya ce, "Tunda mai wuta ya sake ta, wannan wutar girki ce, ki dafa wake da ita." Ka ji su. Ɗaya ya ce wutar tana cikin littafi, ɗaya ya ce tana cikin ƙirji, ni kuwa ga ta a kasko tana kallona.

Sanyasi binne shi ake yi, ba a ƙona shi. Ko tokarmu ba za ta haɗu a kogi ba. Idan lokacina ya yi, ka turo ɗanka Gopalam ya kunna mini da wannan garwashin, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Yayarka,
Kameswari

Buchayya ƙanena,

Ina gaishe ku duka. Ka yi haƙuri da rubutun, ƙarfina ya ƙare.

Damina ta yi mana yawa. Rufin ɗaki ya yoye, ƙaiƙayi ya jiƙe, garwashin ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar ƙwayar wake. Ba na iya kiran maƙwabta, domin wutar aure miji da mata ne ke kula da ita, numfashina kuwa ba ya ko kaiwa ƙarshen bututun gorar da muke hurawa da shi.

Jiya da hantsi na ji murya a ƙofa, "Uwa, a ba da abinci." Maigida ne, da sanda da ƙoƙo. Uwa yake ce mini yanzu, kamar yadda yake ce wa kowace mace. Na rarrafa na ɗauko kaskon da bututun na ajiye a gabansa. Ya gane wutar nan take. Na ce, "Ka ce wutar tana ƙirjinka. To, huro mini rabona, sau ɗaya tak."

Ya daɗe yana kallonta. Na ga hannunsa ya taso har ya kusa kai wa bututun. Sai ya mayar da shi cikin mayafi ya ce, "Uwa, doka ta hana sanyasi taɓa wuta."

Na ce, "Wace dokar? Ba kai ne ka wuce littafi ba?"

Ya miƙo ƙoƙonsa. Na zuba masa shinkafa, don ba a korar mai bara, ya juya cikin ruwan sama bai waiwayo ba. Na hura da kaina. Abin da ya fito jini ne. Da na ɗago, toka ce kawai a kaskon.

Ka turo Gopalam cikin makon nan, kada ya tsaya jiran ruwa ya ɗauke. Ka ce masa ya sayo ashana a tasha, tamu ta jiƙe.

Yayarka mai ƙaunarka,
Kameswari