Maikurowef ɗin da Kika Nema

Dammam, ranar Juma'a

Maman Raniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Hajja? Baba ya dawo daga yankan dawa a Doka?

Ni alhamdulillahi, aiki da sauƙi, kada ki sa damuwa. Na ji saƙonki cewa gawayi ya yi tsada a Gadarif. Na sayi maikurowef ɗin, Kassim maƙwabcinmu zai taho miki da shi. Kada ki sa cokali ko kwanon ƙarfe a ciki.

Muna da irinsa a masaukinmu. Mu takwas ne a ɗaki, amma lokacin aikinmu ya bambanta, kowa sai ya ɗumama nasa abincin ya ci a tsaye. Wani ɗan Indiya ya ce mini wai daga na'urar hango jiragen yaƙi aka samo shi. Na ce, "Shi ya sa bai san zumunci ba." Ya yi dariya, ya ɗauki kwanonsa ya fita. Wallahi wata bakwai ke nan ban sa hannu a kwano ɗaya da kowa ba. Ba komai, ana sabawa.

Roƙona ɗaya ne. Ki ɗumama miya a ciki, amma kada yaran nan su koyi ci kowa shi kaɗai. Ki jira Mustafa ya dawo daga makaranta, ki ajiye siniya, babban farantin nan namu, a tsakar gida, su zauna tare, ko da wainar kisra ta huce.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Abdulganiyyu