Tafkin Yamma

Litinin, 8 ga Satumba

Baban Najla ya gama shawara shi kaɗai: yana yin ritaya a Disamba za mu bar gidan gwamnati na Nassarawa, mu koma garinsu, bakin "Tafkin Gabas". Na ce ban san wani tafki mai wannan suna ba, balle in tare a bakinsa. Garinmu na gabas da ruwan, shi ya sa muke ce masa Tafkin Yamma. Nasu garin na can tsallake, sai suka juya sunan. Shekara talatin muna wannan musu muna dariya. Yau ban yi dariya ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ya kawo min taswira a wayarsa, an rubuta "Tafkin Gabas", wai ga shaida. To, masu awon a gidan kakansa suka sauka, suka ci kifinsa, me ake so su rubuta? Ba inda za ni. A unguwar Hotoro ma akwai gidan haya.

Juma'a, 19 ga Satumba

Najla ta kira daga Zariya, wai Mama ai ruwa ɗaya ne. Ba ta gane ba. Duk rayuwata rana a cikin ruwan nan take faɗuwa. In na zauna a can, kullum sai an nuna min ƙasarmu da yatsa a ce "mutanen tsallake". Ni ce baƙuwa kenan har in mutu. Abin yana min ciwo.

Asabar, 27 ga Satumba

Na yarda in je in ga ginin da ya yi mana a garinsu. Gani kawai.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Mun dawo. Ginin ba laifi, ban dai faɗa masa ba. Ɗakina ya sa wa babbar taga tana kallon ruwa.

Bayan asuba na tsaya a bakin tagar. Bana ruwa ya cika har gindin giginya. Can tsallake ga hasumiyar masallacinmu, ga kukar maƙabarta inda Inna take, rana tana fitowa ta bayansu. Ban taɓa ganin garinmu gaba ɗaya haka ba, don a cikinsa nake.

Ya tsaya a bayana, ya ce, "Kullum daga nan nake kallonku, tun kafin ki san ni."

Na ce masa sunan tafki dai bai canza ba. Ya ce ya ji.

Tagar tana buƙatar labule. Mara kauri zan sa Kabiru tela ya ɗinka.