Ba Bakina Ne Ya Kama Bahauddeen Ba

Zuwa ga ƙanena Sulle, a Ruwan Bago.

Assalamu alaikum. Ina gaida Kande da yara. Yaya gyaɗar bana?

Shekara da shekaru kuna yawo da ni a gari, wai baki na yi wa ɗana Bahauddeen, shi ya sa yake firgita, ba ya barci. Ban manta ba.

To, na kai shi asibiti a nan Fatakwal. Likitar, Allah ya saka mata da alheri, ta ce ƙwaƙwalwa tana da nata sinadari mai kwantar da fargaba, dangin na cikin wiwi. In mutum ya yawaita zuƙa, kamar yadda Bahauddeen ya yi, sai na jikinsa ya sangarce, kamar jakin da aka daina ɗora wa kaya. Wiwi ce, Sulle, ba uba ba.

Alhamdu lillahi, yanzu yana barci. Ni ma lafiya lau, sai dai tsayuwar gadi ta fara fin ƙarfin ƙafa.

Yana son dawowa gida girbi, amma yana tsoron idon mutane. Za ku karɓe shi ko kuwa? Kada ka aiko mini da gaisuwa kawai. Ka ba ni amsa.

Yayanka, Alhassan