Fim Ɗin Ƙarshe a Firiza

Asabar, 5 ga Janairu
'Yata Tegan ta karɓi aikin haƙar ma'adinai a Kalgoorlie, can nesa da teku. Yarinyar da ta iya hawan igiyar ruwa tun ba ta iya ɗaura takalmi ba, wai za ta garin ƙura! Ina da dabara: fim ɗin kyamarata na ƙarshe, mai mai da koren ganye ja a hoto, yana firiza ƙarƙashin jatan lande. An daina yin irinsa, sanyi ne ke hana shi lalacewa. Zan ɗauke ta hoto a kan igiyar ruwa. In ta ga hoton ta iya tafiya, a canza mini suna.

Talata, 8
Fim ɗin nan ko ƙyallin haske ba ya so. Na cusa kai da kyamara cikin buhun barci ina lalube, don in saka shi a cikin duhu. Merv maƙwabcina ya leƙo ta katanga: "Dez, yau kuma kunyar wa kake ji?" Na ce ta fuskarka.

Alhamis, 10
Hadari. Ba rana, ba hoto.

Lahadi, 13
Rana tar, igiya kamar katanga. Na tsaya kan dutse, gwiwa na ƙara, na yi ta dannawa. Da Tegan ta fito daga ruwa ta ce, "Baba, ka samu, ko dai babban yatsanka ka sake ɗauka?" Saura hoto guda, na ɗauke ta da shi don in rufe mata baki. Na aika fim ɗin Melbourne a wanko hotunan.

Juma'a, 25
Hotuna sun dawo. Ni da na bar makaranta a aji tara, ina na san teku ba ta da ganye? Ruwa baƙi ƙirin, Tegan kamar ƙuda a miya. Ɗaya ne ya fito, wanda na ɗauka don rufe mata baki. Ta ba teku baya, allonta na hawan igiya a hammata, tana hawa tudu, itatuwa jajir kamar gobara. Tana dariya. Na jima ina kallo.
Ba zan nuna mata ba.

Lahadi, 27
Na duba mata mai da tayoyin motarta, don kawai ba na son a kira ni daga hanya. Na sa hoton cikin jakarta, tsakanin safa. Ba wai na yarda da tafiyar ba ne. Bangon gidan nan ne ba ƙusa.