Ni Na Ƙona Karan Gonarmu, Inna Kuma Tana Yi Wa Mai Laifin Allah Ya Isa

Assalamu alaikum Hajiya Salamatu. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki buga sunana. Abin nan ya kusa shekara yana cina, ba ni da wanda zan gaya wa a garinmu bai zama hirar majalisa ba.

Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Doguwa, ba nisa da dajin Falgore. Tun kafin a haife ni mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake da amini Bafulatani, Baffa Buba. Idan an girbe dawa, Baba ba ya sare kara, ba ya bari kowa ya kwashi karmami. Ba a aika wa Baffa saƙo, karan da ke tsaye shi ne saƙon. Sai dai wata safiya mu ji kukan maruƙa, mu san sun sauka. Su yi rani a gonarmu, shanu su ci kara su bar mana taki. Har yau idan na ji ƙamshin hayaƙin kashin shanu, yarintata nake tunawa. Ban da wannan ma, lokacin da nake jariri Inna, mahaifiyata, ta yi doguwar jinya, matar Baffa, Goggo Furera, ita ta shayar da ni wata uku. Kin ga ke nan ba baƙi ba ne.

Baba ya rasu shekara uku da suka wuce, gona ta dawo hannuna. Bara, bayan an yi ta jin labarin satar mutane a hanya, aka yi taro a ƙofar gidan mai unguwa aka yanke cewa kada kowa ya sake saukar makiyayi a gonarsa. Ina wurin. Kowa ya san da wa ake, ni kuwa ko tari ban yi ba. Ni mutum ne mai baki a wurin musun ƙwallo, amma ranar harshena ya mutu.

Abin da ya kamata shi ne in je in gaya wa Baffa. Sau biyu ina hawa babur, sau biyu ina juyowa daga hanya. Ban san ta inda zan fara ba. Sai wata ranar kasuwa, da gari ya watse, na je na sa wa gonar wuta ta kusurwa huɗu. Na ce a raina idan ya zo bai tarar da kara ba zai wuce, ba sai mun yi wata magana ba.

Bayan kwana biyar Baffa ya iso da shanunsa. Ina laɓe bayan wata ɗorawa ina kallonsa. Ya daɗe a tsaye, ya tona tokar da sandarsa, sannan ya juya garken. Ya biya ta gidanmu ya yi wa Inna jajen gobara, ya ajiye mata ƙwaryar man shanu kamar yadda ya saba. Ni kuwa na riga na gaya mata masu farautar gafiya ne suka sa wutar.

Da Baffa bai sami masauki ba, sai ya matsa bakin daji, kafin damina ɓarayi suka kore shanun, bakwai kawai suka bar masa. Goggo Furera ta rasu da damina a Dangora, inda suka koma wurin 'yarsu. Na je ta'aziyya. Baffa ya riƙe hannuna ya tambaye ni ciwon gwiwar Inna, ya tambaya ko gona ta farfaɗo. Aka kawo fura, na ɗan kurɓa na yi masa sallama.

Abin da ya fi kashe ni, duk lokacin da aka ambaci Baffa, Inna sai ta yi wa wanda ya sa wutar nan Allah ya isa. Ina zaune kusa da ita, wani lokaci har amin nake cewa. Hajiya, ina jin tsoro. Yanzu ga dawa ta nuna, Inna ta ce bana in bar kara ko don shanu bakwai ɗin, dokar gari kuma tana nan. In na faɗi gaskiya ina tsoron zuciyar tsohuwa, in na yi shiru ban san da wace fuska zan tsaya gaban Allah ba. Yaya zan yi?

Mai gonar toka, daga ƙasar Doguwa.

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa.

Ba zan ce ba ka yi laifi ba, domin kai ma ba za ka yarda ba. Amma bari mu ajiye kowane kaya a wurinsa. Tsoron mutanen garinku ba na banza ba ne, duk wanda ya kwana da fargabar hanya ya san haka, kuma ba kai ka kore shanun Baffa ba. Naka laifin biyu ne: ka sallami mutumin da matarsa ta shayar da kai da toka maimakon da bakinka, sannan ka bar mahaifiyarka tana jifa da addu'a ba ta san wa take jifa ba. Waɗannan biyun kuwa suna gyaruwa muddin tsofaffin nan suna raye, don haka kada ka kai girbi.

Ka fara da Baffa. Ka je Dangora da ƙafarka, ba ta waya ba, ba ta bakin wani ba. Kada ka riƙe masa tsaraba mai nauyi, kada ya zama kamar ka zo sayen yafiya. Ka durƙusa ka faɗi abin da ka yi kai tsaye, ba tare da ka jingina da taron mai unguwa ba, sannan ka yi shiru ka karɓi duk abin da ya ce.

Daga nan sai Inna. Ka zaɓi lokacin da take da natsuwa, ka sa wata babba da take jin nauyinta ta zauna kusa. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarka ba. Ka jure, ka ci gaba da zuwa kowace safiya har ta janye Allah ya isan nan da bakinta.

Maganar kara kuwa, kada ka karya dokar gari a ɓoye. Ka je wurin mai unguwa da dattawa ka faɗi abin da ka kasa faɗa bara, ka tsaya wa Baffa da sunanka. Idan sun yarda, madalla. Idan sun ƙi, ka sare karan ka ɗaure, ka nemi mota ka kai masa har inda yake.

Abu na ƙarshe, kuma zai yi maka ɗaci. Makiyayin da ya tsufa a daji ya san bambancin wutar mafarauta da wutar da aka sa ta kusurwa huɗu. Ina kyautata zaton tun ranar da ya tona tokar nan ya san kai ne, duk da haka ya kai wa Inna man shanu bai ce mata komai ba. Ya rufa maka asiri kusan shekara, kada ka bari ya bi Goggo Furera yana jiran ka.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sanyaya zuciyar Inna, ya ba ka ƙarfin hawa babur ɗin nan ba tare da ka juyo ba.

Hajiya Salamatu