Gwiwar Sani ba ta ɗinku ba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Agadas? Mu nan Matamaye lafiya, sai dai ƙanenmu Sani.

Tun faɗuwar da ya yi a kokawar Tsauni gwiwarsa ta ƙi sauƙi. Muka kai shi Damagaram, likita ya ce guringuntsin ne ya yage. Ya ce ko a ɗinke, ya yi watanni da sanda, wataƙila ya koma fili, ko a yanke wurin ya samu tafiya da wuri. Sani ya ce, "A ɗinke, ko shekara ce zan jira."

Da aka shiga aikin, sai aka tarar ya lalace, ba ya ɗinkuwa. Aka yanke. Likita ya ce zai yi noma, amma kokawa ta ƙare.

Yaya, bai yi kuka ba. Jiya makaɗinsa ya zo duba shi, sai Sani ya juya fuska bango ya ce mini, "Ki ce ina barci."

Ka kira shi, maganarka yake ji. Ka sa shi a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Hadiza