Tiyon da na ɓoye a bayan madafi

Assalamu alaikum Nafisat. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan naki, ya ruwan Fatakwal? Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan Kazaure sai godiya, ƙafar Babanku ta yi sauƙi har yana leƙa gona.

To maganar da kika yi a waya, wai in sa 'yarki Zaituna a mota a kawo miki ita saboda gudawar nan da ta yi ta yi. Tsaya ki ji tukuna. Ba ita kaɗai ba ce, yaran layinmu da yawa sun yi, shi ya sa mai unguwa ya aiko cewa ma'aikatan lafiya za su zo duba famfuna. Kin san mu da baƙo. Kowace mace ta hau kan famfonta da toka da soso, ni har lemon tsami na sa, sai ƙyalli yake. Guntun tiyon nan da muke ɗaurawa a bakin famfo da roba kuwa, na ga ya yi muni, na cire na jefa bayan madafi kar a yi mana dariya.

Da suka zo, wata a cikinsu mai suna Saude ta duba ta riƙe baki, ta ce ai abin da suka zo ɗauka mun wanke shi tas, su dattin suke so. Ta tambaye ni da me muke tarar ruwa, dole na ɗauko tiyon, kunya kamar in nutse. Ta sa safar hannu, ta zura wani tsinke mai auduga a ciki ta murza, wallahi Nafisat ya fito kore shar, ga yauƙi. Ta jefa shi a 'yar kwalba ta sa a kula mai ƙanƙara, ta sake goga wani can cikin bututun ƙarfen, suka tafi da su awo.

Sakamako ya dawo. Bututun lafiyarsa ƙalau, ƙwayoyin cutar a tiyo suke, don kullum bakinsa a kwata yake kwance. Gani ya kori ji. Na ƙona shi da hannuna, maƙwabta ma haka, ruwan sha kuma sai na tafasa. Zaituna ta warke sarai, jiya malmalar tuwo biyu ta tashi da su. Don haka ba inda za ta. Ni na raine ki ban kasa ba, in kewarta kike ki zo da ƙafarki.

Ki gaida maigidan, da yayanki Hamma in kun haɗu. Babanku da Goggo Sadiyya suna gaishe ku. Allah ya yi muku albarka.

Ni ce Innarki,
Ma'u